Lorraine Pawluk, Mai Karanta Takardar Maki Har Ƙasa

Ƙarfe tara na safe Lorraine Pawluk ke buɗe gidan wasan harbi da haske na unguwarmu a Winnipeg. Ta goge rigunan wasa talatin da shida, ta gwada fitilun kowace da bindigarta, ta kunna na'urar hayaƙi, sannan ta zauna da kofi tana duba bukukuwan ranar. Shekara ashirin da huɗu tana haka, kuma Asabar mai zuwa za ta ajiye aiki.

Kowa ya san halinta. Bikinka ne, amma ita za ta zaɓa muku wasa, bayan ta kalli yadda kuka shigo. Wani manaja ya taɓa kawo ma'aikatansa, ya nace sai an yi wasan kowa don kansa. Ta ce, "Yallaɓai, ku ashirin ne, sha tara kai suke jira. Bari in raba ku biyu, ka koma gida da mutuncinka." Wani tsohon soja kuma ya rako jikokinsa, ta ga hannunsa na rawa, sai ta kashe ƙarar fashewa ta ce wai ta lalace.

Waɗannan ji na yi. Nawa da idona na gani.

Ranar da 'yata Tessa ta cika shekara goma sha biyu, na sa ta gayyaci dukan 'yan matan ajinsu, har da wata baƙuwa, Maribel. A bakin ƙofa mahaifiyar Maribel ta ja ni gefe.

"Curtis, na gode. Tun da muka zo garin nan ba wanda ya taɓa gayyatarta. Kullum da safe sai ta ce cikinta na ciwo don kada ta je makaranta. In watan nan ya ƙare a haka, cire ta zan yi."

Na ji daɗin kaina ƙwarai, ina ganin ni ne uban kirki.

Lorraine ta raba su ja da shuɗi, Tessa da Maribel duk a ja. Bayan minti goma sha biyar suka fito suna gumi, suka ruga wajen cin gurasar fiza. Lorraine ta yafito ni.

"Zo ka ga wani abu kafin a yanka kek."

Bayan kowane zagaye na'ura takan fitar da takarda mai nuna wanda ya harbi wane, sau nawa, a ƙirji ko a baya. Yara su duba sunan gwani a sama su yar. Lorraine har ƙasa take karantawa.

"An harbi Maribel sau saba'in da huɗu," ta ce. "Talatin da ɗaya na 'yarka ne."

"Ai ƙungiyarsu ɗaya. Na'urarku ta rikice."

"Lafiyarta ƙalau. Na faɗa musu kafin su shiga, wanda ya harbi 'yar ƙungiyarsa makinsa ake ragewa. 'Yarka ce ta ƙarshe a jeri, ranar bikinta. Ka ga alamar ta damu?"

Na waiwaya. Ga Tessa can tana ƙyalƙyala dariya da cuku a haɓarta, yarinyar da ke kuka in mota ta take kurege. Ashe ciwon cikin nan daga gidana yake fitowa. Na ce yanzu zan tashi bikin.

"Ka kunyata ta gaban ƙawayenta, ranar Litinin a kan Maribel za ta huce," in ji Lorraine. "Zauna. Akwai sauran zagaye ɗaya."

Ta zaɓi gadin sarauniya. Kowace ƙungiya na da sarauniya wadda ake kashe wa bindiga, sai dai 'yan ƙungiyarta su kare ta. Ta ce mai biki ce sarauniyar ja. Tessa ta shiga tana rangaji. Daga tagar iyaye na ga ƙawayenta sun watse cikin minti biyu, kowace na farautar makin kanta, suka bar ta a lungu da matacciyar bindiga. Mutum ɗaya ce ta tsaya a gabanta, kuma ba wanda ya sa ta.

Da suka fito, Lorraine ta miƙa wa Tessa takardun biyu, a hankali, ba a gaban kowa ba.

"'Yammata, duba layin Maribel. A ta farko duk a baya aka same ta. A ta biyu sau hamsin da biyu, duk a ƙirji. Ke mai wayo ce, karanta da kanki."

Tessa ba ta ci kek ɗinta ba.

Ba zan yi ƙarya in ce sun zama aminai ba. Amma ba a cire Maribel ba, bara ta gama makarantar tare da Tessa, na ga mahaifiyarta a wajen bikin tana share hawaye.

Lorraine, ke ce mai gani a cikin duhu da hayaƙi. Ke ce kika nuna mini 'yata a ranar da nake tsammanin na san ta, kuma ba ki bari na ɓata abin da fushina ba. Na gode, kuma na yi latti wajen faɗa. Ku da za ku gaje ta, ku kalli mutane kafin ku zaɓa musu wasa. Mu iyaye kuma, in an miƙo mana takarda, mu daure mu karanta har ƙasa.

Tessa ce ta ce in rubuta wannan. Da na tambaye ta ko tana tuna ranar, sai ta buɗe jakarta ta zaro wata takarda da ta yi laushi saboda naɗewa. Na ɗauka ta biyun ce, ashe ta farkon take yawo da ita.