Lambata a Hannun Wani Tsoho

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, a sashen ilimin ordinatar, wato kwamfuta, ni yaro ne ɗan Gure mai ji da kansa, mai ganin kowa ɓarawon aiki ne. Mu huɗu muka rubuta wata manhaja ta rabon ruwa ga masu garka a kwaruruwan garinmu, da ita za mu samu takardar gamawa. Malaminmu ya ce mu ajiye rubutun manhajar a na'urar sashe. Na ce sam, wutar lantarki na ɗaukewa, kuma kowa na iya leƙawa. Na kafe sai da muka kai aikin wani dandalin intanet na waje, wanda ba ya buɗuwa sai an turo lambobin sirri ta waya. Layina na sa, ni kaɗai, na kuma sa abokaina suka goge nasu kwafin.

Sai mahaifina ya kwanta ciwo a wani ƙauye kusa da Bune, inda babu rezo, waya ba ta kamawa. Na daɗe ina jinyarsa. Da na koma, zafi ya kashe ordinatar ɗina, layin kuma, da ya daɗe ba a aiki da shi, an rufe shi an ba wani.

Na kira tsohuwar lambata. Wani dattijo makiyayi ne ya ɗauka, daga Alakoss. Mutumin kirki ne wallahi. Na roƙe shi ya taimaka ya karanta mini saƙon da zai shigo, ya yarda da zuciya ɗaya, amma bai san rubutun boko ba, kuma sai ya hau tudun rairayi yake samun kira. Ya yi ta kwatanta mini, wannan kamar sanda, wannan kamar ƙugiya. Kafin mu kai lamba ta uku wa'adin lambobin ya wuce. Mun yi haka ya fi a ƙirga, yana haki a kan tudu, ina kuka a ɗakina. Masu dandalin kuwa suka ce tsaronsu bai yarda su buɗe wa kowa ba.

Mun maimaita shekara. Ɗaya daga cikinmu, wanda ƙannensa ke jiran ya kama aiki, bai dawo ba, kuma bai taɓa zagina ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

'Yan uwana ɗalibai, in za ku zaɓi ma'ajiyar aikinku, kada tsoron ɓarawo kaɗai ya ja ku. Ku tambayi yadda za ku shiga ranar da wayar mutum ɗaya ta mutu. Namu aikin yana nan lafiya lau har yau, babu wanda ya taɓa shi, har da mu.