Damƙar Sallau Mai Wanki

Wata rana aka zo zaɓen wanda zai wakilci jiha a gasar judo ta ƙasa. Gurbi ɗaya, mutum biyu, nauyinsu ɗaya a sikeli.

Na farko Sallau ne, mai wanki da guga a bayan tasha. Gajere, wuya kamar turmi, yatsu duk sun karkace don shekara tara yana damƙar kwalar mutane. Da asuba gudu, da rana matsar zannuwa, da yamma fagen horo. Burinsa ɗaya a duniya: ya sa rigar jiha.

Na biyu ɗan ƙanwar shugaban ƙungiyar judo ta jiha ne. Watansa takwas a wasan. Amma ƙirji, tubarkalla, kamar an hura da famfo.

Koci Tanimu ya rataya rigar judo a reshen darbejiya, ya ce kowa ya kama kwala ya ɗaga jikinsa, ya tsaya a haka. Da wannan suke gwada damƙa da juriya, don a judo wanda hannunsa ya saki ya sha ƙasa.

Mai ƙirji ya yi daƙiƙa goma sha ɗaya, ya faɗo yana yarfe hannu.

Sallau ya kama. Minti ɗaya ya wuce, damatsansa na ci da wuta, ya cije. Sai da koci ya ce ya isa.

Koci ya juya ga shugaban ƙungiya. "Ranka ya daɗe, ka dai gani da idonka."

Shugaba ya taɓe baki. "Na gani. Amma Tanimu, wannan zan kai gaban manya a ɗauke mu hoto? Kunne kamar akuya ta tauna!"

"Alhaji, can ba hoto ake kayarwa ba, mutum ake kayarwa."

Sunan mai ƙirji aka rubuta.

Ranar gasa Sallau na durƙushe gaban baho, koci ya kira shi a waya ya ba shi labari. Cikin daƙiƙa tara aka yi ƙasa da mai ƙirji. Mai hoto ma bai gama gyara tsayuwa ba.

Sallau ya ajiye wayar. Ya murɗe zanen gadon da ke hannunsa, har sai da ya yage.

Darasi: Ƙarfi ba ƙirji ba ne. Duk shugaban da ya ga gaskiya rataye a reshe ya kau da kai, ba mutum ɗaya ya cuta ba, jiha guda ya kayar. Kuma wallahi alhaki ba ya mantuwa.

Ku tura labarin nan gaba har ya isa wayar masu rubuta suna. Sun san kansu.