Furar Arzika da na shanye

Ƙarshen bazara ne, shekarar da aka fara sakar mini guga in ja ruwa da kaina. Hadari na ta yawo bisa duwatsun gabas ya ƙi saukowa, maza sun fita sassabe. Ni kuwa ina zaune bakin ƙofar ɗakin kakata Tani, a ƙauyenmu kusa da Dumega, na miƙe ƙafafu na tare hanya. A ciki Arzika ne kwance bisa tabarma, ɗan maƙwabtanmu, tsarana. Cikinsa ya kumbura kamar tulu, ƙafafunsa sun koma karan gero, gashinsa ya yi ja. Wannan yaron shi ya zama mijina, kuma bara Allah ya karɓi abinsa. Jikata da ke rubuta mini wannan ta riga ta saba, takan dakata har in share idona.

Kowace shekara kafin shuka, Kaka kan tara yaran unguwa ta wanke mana ciki. Takan ce, “Ba zan ciyar da tsutsa da geron bana ba.” Mu 'yan mata mu ke tsinko mata ganyen filasko mai sa zawo a bayan gari, mu jiƙa tsamiya, mu zauna gindin rumbu muna ɓare 'ya'yan kabewa har farce ya yi zafi, in ta juya baya mu koma carafkenmu. Kwanakin nan miyar kuka kan sha tafarnuwa, kuma kowa na yawo da aduwa a kunci. Ƙananan tsutsotsi ba su da gardama. Tsila ce mai taurin kai, ita ce kuma ta kama Arzika, don ba ya barin gindin tukubar mahauta ranar kasuwa, ko naman bai gasu ba sai ya ci. Ita sai an yi mata yunwa: wuni guda yaro ba ya cin komai sai ruwa, da sassafe a ba shi dakakkun 'ya'yan kabewa da zuma, in rana ta ɗaga a bi da filasko. Idan kanta bai fito ba, sai ta sake tsirowa.

An gwada masa har sau biyu bai yi ba, domin uwarsa, Inna Kulu, takan saci jiki ta ba shi fura. Ban ga laifinta ba, ta rasa 'ya'ya kafin shi, ba ta iya jin kukansa. Amma yaron kullum ƙara narkewa yake, har an fara raɗa cewa doguwa ce ta taɓa shi. 'Ya'yan kabewar ci sun ƙare, ba saura sai irin shuka da Kaka ta ɓoye cikin gora. Ta zazzage shi duka a faifai, ta dube ni ta ce, “Dije, yau ke ce ƙofa. Ko ubanki ne ya zo da abinci, kada ya wuce.”

Da la'asar Kaka ta tafi rijiya, sai ga Inna Kulu da ƙwarya ƙarƙashin mayafi. Tun daga nesa na ji ƙanshin nonon rugar Fulani. “Ɗiyata, gusa in ga ɗana,” in ji ta. Na ce, “Inna, Kaka ta hana.” Ta ce, “Ludayi guda ne. Ke kika haife shi?” Arzika ya ji muryarta, ya fara rarrafowa yana kiranta. A wurinmu yarinya ba ta ja-in-ja da babba, ba ta kuma ture hannunsa. Sai na durƙusa, na miƙa hannu biyu kamar zan shigar masa. Tana ba ni, na kafa kai na shanye, har da gudajin da ke ƙasa. Inna Kulu ta ɗaga hannu za ta mare ni, sai ta sauke, ta zauna nan ƙasa tana kuka. Arzika kuwa da ɗan sauran ƙarfinsa ya ce, “Kura! Allah ya sa cikinki ya fashe!”

Washegari da hantsi, bayan rumbu inda Arzika ya zagaya bayan ya sha maganin, Kaka ta yi ta tona yashi da tsinke, sannan ta kira ni. Abin ya kai igiyar ɗaure akuya tsawo, ga kan nan a ƙarshensa, bai fi ƙwayar gero ba. A gaban matan unguwa ta ce, “Ni na daka, amma Dije ce ta yi maganin.” Ban taɓa jin tsayina kamar ranar ba. Aka bi shi da kunun tsamiya da dafaffen zogale. Shekarar nan miyarmu ba ta ga kabewa ba, amma kafin a gama yankan gero Arzika na kada manyan yara a langa. Inna Kulu ce da kanta, bayan shekaru, ta ce ni take so wa ɗanta.

Duk zamanmu, in na miƙa masa fura sai ya leƙa ƙwaryar ya ce, “Wannan tawa ce, ko kurar gidan ta riga ni?” A ciwonsa na ƙarshe ya daina iya haɗiya. Na dama masa mai ruwa-ruwa, na tallabe kansa, ya kurɓi kaɗan, ya ce, “To, Dije, yau kin maido mini.” Bai ƙara shan komai ba.

Yanzu a lakwal, wato makaranta, ake raba wa yara ƙwayar maganin tsutsa, su haɗiye su koma wasa. Na gode Allah, ni ke tura jikokina su karɓa, don babu uwar da za ta sake zama ƙasa tana kuka. Sai dai gindin rumbu ya yi shiru, 'ya'yan kabewa kaji ake watsa wa. Ni kuwa har yau in na tashi damu, furar mutum biyu hannuna ke ɗiba.