Safar Hannu a Cikin Katifa

Shekara arba'in da ɗaya Cilia ta yi tana farke katifun mutanen garin Prato, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa tarar da kwarto a ƙarƙashin gado ba. Abin da take tararwa ƙuma ne, da kuɗin cizo, da kwanon fitsarin da aka manta ba a zubar ba, wani lokaci ɓera ya haihu a cikin ulu. Amma je ka dandalin babban coci ranar kasuwa, ka ga Benghi mai labari ya hau benci yana wage baki. Kullum zancen gado ne. Gado mai labulen alharini, miji ya tafi fatauci, saurayi ya hauro ta taga, ana ƙwanƙwasa ƙofa sai a cusa shi cikin akwatin gefen gado. Jama'a su yi ta dariya har da riƙe ciki, har mazan da gobe za su tafi fatauci su bar matansu a gida.

"Ya taɓa ɗaga murfin akwatin gefen gado kuwa?" Cilia takan ce idan ta zo wucewa da sandunan bugu a kafaɗa. "Zannuwa ne danƙare har baki. Ko mage ba ta samun wurin kwanciya, balle ƙato mai takobi."

Amma takan tsaya. Ta ce ƙafa take hutarwa, ta jingina da bango har sai an kai ƙarshen labari, sannan ta ja tsaki ta wuce. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, ita dai ba ta san nata kan ya yi fari ba.

Tana 'yar shekara goma sha shida ta fara sana'ar, a shekarar babbar annoba, lokacin da kowane gida ke da katifar mamaci kuma ba mai son taɓa ta. Gwaggonta ce ta koya mata, wata biyu kafin ita ma gwaggon ta bi sahu. Daga baya ta auri Nardo, mai wankin ulu a bakin kogi, mutum marar hayaniya wanda hannuwansa kullum a tsattsage suke saboda ruwa. Sun haifi biyu, ba wanda ya kai yaye. Da annoba ta dawo ta ɗauke Nardo, kwana bakwai bai cika ba 'yan'uwansa suka zo da amalanke suka kwance gadon, domin a wajenmu gado na dangin miji ne, mace kwana kawai take yi a kai. Tun daga ran nan, matar da ta gyara wa rabin gari makwanci a kan buhun ciyawa take kwana, a wani ɗan ɗaki saman gidan mai gasa burodi. Ba ta sake aure ba. Ta ce ta ga abin da ke cikin katifun masu aure, ya ishe ta.

Aikin ba shi da wuyar faɗa. Da zarar sanyi ya wuce sai a aiko kiranta. A sauko da katifa tsakar gida, a ɗora ta a ma'auni a gaban matar gidan, sannan Cilia ta farke ɗinki ta zazzage ulun. Ta buga shi da sanduna har ƙura ta fita, ta shiɓe shi ya tashi, ta mayar, ta ɗinke da basilla. Sai a sake aunawa. An san abin da ƙura ke ragewa. In ya wuce haka, to, hannu ne ya rage.

Kuma a Prato ana yafe wa mutum abubuwa da yawa. Mace ta ci amanar miji, a yi wata guda ana raha, Benghi ya ƙara gishiri, a manta. Amma ulu? Gari ne da rabinsa da ulu yake cin abinci. Wanda aka kama da ko curi ɗaya na ulun wani, ya gama shiga gidajen mutane har ya mutu. Cilia kuwa ta kai matsayin da wasu gidaje ba sa ma fito da ma'auni in ita ce. Wannan sunan shi ne duk abin da ta tara a duniya. Baya ya riga ya sunkuya, yatsu sun lanƙwashe, ga tarin ƙura da ba ya barin ta. Ta gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta. Burinta ɗaya ne: mutuwa ta same ta da basilla a hannu, ba a ƙofar coci tana miƙa hannu ba.

Gidan Monna Nera, wato uwargida Nera, yana cikin waɗanda har gobe suke aunawa. Ba don tana zargin kowa ba, in ji ta, don dai tsari. Tsohuwa ce doguwa mai siririn baki, wadda ke iya ƙirga wake a cikin miya. Ɗanta Zanobi ɗan kasuwa ne, ya tafi tsibirin Mayorka wata biyar bayan aurensa, ya bar amaryarsa Tita a hannun uwar. Shekara biyu ke nan. Da takarda ta zo cewa yana hanya, Monna Nera ta aika a kira Cilia ta gyara katifar ɗakinsa, ba ta ko shawarci mai ɗakin ba.

Saboda haka lokacin da Tita ta dawo daga addu'ar safe, sai ta tarar da katifarta kwance a tsakar gida, ciki a farke, surukarta zaune kan kujera kusa da ma'auni, 'yan aiki biyu suna riƙe da kwanduna. Ta tsaya cik a bakin ƙofa.

A daidai lokacin hannun Cilia yana can cikin ulu ta wajen ƙafa, sai ya taɓa wani abu mai santsi. Ta ɗan buɗa da yatsa ta leƙa. Safar hannu ce ta fatar ɗan akuya, koriya, da surfanin zare ja a wuya. Ta namiji ce, guda ɗaya. An cusa ta can ciki an ɗinke da wani ɗinki na rashin iyawa.

Ta ɗaga kai ta dubi yarinyar. Fuskar Tita ba jini ko ɗigo, idanu sun fito, hannu a kan baki.

Nan take Cilia ta san komai, ko kuwa ta zaci ta sani. Miji a bayan teku, yarinya 'yar sha tara, taga mai kallon lungu. Har fuskar saurayin ta gani a zuciyarta. Ta kuma san abin da zai biyo baya, don gari ne ke mantawa, ba dangin miji ba: a aske yarinyar a kai ta gidan masu zaman ibada, in ma 'yan'uwan miji sun bar ta da rai. Ba ta yi shawara da kanta ba. Ta damƙo safar haɗe da ulun da ke kewaye da ita, ta juya baya kamar tari ya sarƙe ta, ta tura cikin rigarta.

"Cilia."

"Na'am, uwar ɗakina."

"Me kika sa a ƙirji?"

"Tari ne, Monna. Ƙurar nan ta gama da ni."

"Tari ba ya kumbura riga. Idona bai mutu ba tukuna. Fito da shi."

Gaba kura, baya sayaki. Cilia ta ji wani irin haushi ya taso mata, haushin yarinyar, haushin saurayin da ba ta sani ba, haushin hannunta da ya yi saurin da bai taɓa yi ba. Ta sake duban Tita, ta ga tana rawar jiki kamar 'yar akuyar da aka fito da ita daga ruwa. Sai ta sa hannu a riga, ta ture safar gefe da ɗan yatsa, ta zaro ulun kaɗai ta ajiye a kan ma'auni.

"Ulu ne," ta ce. "Na ɗauka."

Monna Nera ta daɗe tana kallon ɗan curin nan, wanda ko matashin jariri ba zai cika ba. Abin haushin, ba ta yi ihu ba. Cikin natsuwa ta yi magana, kamar wadda aka tabbatar mata da abin da ta daɗe da sani.

"Rana dubu ta ɓarawo. Ashe shi ya sa katifata take ramewa kowace shekara. Har ana ce min kar in auna, wai Cilia ce! Kwashe sandunanki. Don furfurarki ba zan kai ki gaban mahukunta ba, amma bakina ba zan ɗinke shi ba."

Ba ta kuwa ɗinke ba. Kafin a kaɗa ƙararrawar yamma zance ya zagaye unguwa huɗu. Matan da suka shekara talatin suna ba ta miya a tsakar gidansu suka shiga mammatsa katifunsu suna cewa lallai, da ma sun ji kamar ta yi sauƙi. Gidan da aka yi da ita za ta je ranar Talata suka aiko cewa an ɗaga. Na Laraba ko aikowa ba su yi ba, ƙofar dai ba ta buɗu ba. Mai burodi ya ci gaba da gaishe ta, amma ya fara kulle ɗakin garin alkama.

Ta yi baƙin ciki, ba ƙarami ba. Amma can ƙasan zuciyarta akwai wani ɗan sanyi. Ta ceci rai. Ita da ba ta raya nata 'ya'yan ba, ta raya 'yar wani. Da wannan take haɗiye busasshen burodinta.

Ran kwana na tara, da hantsi, ta ji taku a matakala. Tita ce, lulluɓe da mayafi, da ɗan kwando na cuku da ƙwai. Ta ajiye, ta rasa wurin zama, ta durƙusa ta fashe da kuka.

"Inna, ki yafe mini. Na so in yi magana, bakina ne ya ƙi buɗuwa. Kin san halin surukata."

"Tashi, kar ki jiƙa mini ƙasa. Abin da ya wuce ya wuce." Cilia ta ɗaga buhun ciyawarta ta zaro safar. "Ungo. Amma ki ji shawarar tsohuwa: ki ƙone ta yau, shi kuma ki ce masa ya manta hanyar lungun nan. Mijinki yana tafe."

Tita ta ɗago da jiƙaƙƙiyar fuska. "In ce wa wa?"

"Mai safar mana. Ni za ki yi wa fuskar salihai?"

"Inna, ta Zanobi ce."

Cilia ta dubi safar, ta dubi yarinyar.

"Na rantse da Budurwa Maryamu, tasa ce. Ranar da zai tafi na ɗauke. A ƙauyenmu an ce in mace ta ɗinke abin da mijinta ya sa a jiki cikin katifa, teku ba ta riƙe shi. Surukata ta birkice gida tana neman ta, har ta mari 'yar aiki, shi kuma ya tafi da guda ɗaya. Ita ce ma ta saya masa. Da ta gani da ta ce ni matsafiya ce, ta kai ƙarata wurin limamin coci, ya sa ni azumi." Ta share hanci. "Shi nake tsoro."

"Azumi," in ji Cilia.

"Na kwana arba'in fa, Inna. Ga gori."

Cilia ta zauna a hankali a kan buhun. Ta so ta yi dariya, tari ya riga ta. Da ya lafa sai ta ji ba fushi ba ne a ranta, ba ma baƙin ciki ba, gajiya ce kawai, ta shekara arba'in da ɗaya, ta sauko mata gaba ɗaya.

"Zan je in faɗa mata gaskiya," Tita ta ce da sauri. "Yanzun nan. Za ta gane safar, sai a wanke ki."

"Za ta gane safar. Sai kuma ta zauna ta tambayi kanta: me Cilia ta sani game da yarinyar nan, har ta gwammace a kira ta ɓarauniya? 'Yan aikinku su kai wa Benghi. Kafin ranar kasuwa safar nan ta tsiro gemu ta rataya takobi. Kina jin akwai wanda zai tsaya a dandalin Prato ya saurari labarin matar da ke son mijinta? Ni kaina da na gani da idona ban yarda ba."

"To, ke fa?"

"Ni da bakina na faɗa, a gaban mutum huɗu. Magana zarar bunu ce." Ta miƙa mata safar, ta naɗe yatsun yarinyar a kai. "Bai iso ba tukuna, ko?"

"Sai wani mako, in Allah ya yarda."

"To, mayar da ita inda take, kar ki bar shi a kan ruwa. Amma ki saurara da kyau. Ta wajen kai za ki sa, can ƙuryar hagu, ki yi ƙananan ɗinki da zare iri ɗaya da na katifar. Wadda za su riƙa kira a maimakona ni na koya mata aiki. Ta wajen ƙafa take fara farkewa."