Turken Bayan Gida

Salamu alaikum. Ni ce tsohuwar nan da kuke gani a hotunan biki da hannun hagu cikin mayafi. Ban iya rubutu ba. Ina faɗa ne, 'yata ta fari tana rubutawa a wayarta, ita ma yau ta fara jin maganar.

Na yi kuturta. Haka sunanta, kada a gyara min.

Bayan babban farin nan da ya cinye dabbobi ne, muna wani ƙauye kusa da Ɗanzomo. Garken mijina, Malam Sale, Allah ya jiƙansa, ya ƙare ƙaf, yana sake haɗawa ɗaya-ɗaya daga kasuwar Maigatari. Yana da doka: dabbar da aka sayo ba ta shiga garke. Akwai turke a bayan gida, can ake ɗaure ta, kwanon ruwanta daban. Kullum da safe sai ya buɗe mata baki, ya duba hanci da ido, har ya gamsu.

Ya sayo wata tunkiya. Ba ta daɗe ba fararen ƙuraje suka feso mata a leɓe. Ni ke kai mata dusa, ina goye da yarinyar nan mai rubutu.

Sai wani tabo ya fito min a damtse, fari-fari, kamar an ɗiga koko. Ba ƙaiƙayi, ba zafi. Na ce makero ne, na shafa toka. Wata rana ina tuƙa tuwo garwashi ya faɗo a wurin. Ban ji ba. Iya, uwar mijina, ita ta ji ƙauri.

Ta ce tunkiyar ce ta shafa min. Washegari Malam ya kafa min bukka kusa da turken, ya kawo min tabarma da ƙwarya da moɗa. Abin da ya sani ke nan, shi ya yi.

Yarinyar kuma aka miƙa wa ƙanwarsa Hajara, da ke aure a Gagarawa. Ko zama ba ta fara ba. Nono ya cika min har zazzaɓi, ina tatsewa a ƙasa, tunkiya tana kallona.

Na sha saiwoyi, na sha rubutu. Tabon ya zama biyu, ƙaramin yatsana ya fara lanƙwashewa. Sannan Malam ya ɗora ni a jaki muka tafi Gumel.

Malamin asibitin ya ce in rufe ido. Yana taɓa ni da auduga, in nuna inda ya taɓa. Ko'ina ina nunawa, da ya zo kan tabon na tsaya ina jira. Ya tsaga min fatar kunne kaɗan, ya goga a gilashi. Na tambaye shi ko yatsuna za su zube. Ya ce in na riƙe magani, a'a. Ya ce tunkiya ba ruwanta, ciwonta daban, nawa daban.

Ya tambaya ina jaririyar. Da Malam ya faɗa masa, sai ya ce, "Malam, in ta fara shan ƙwayar nan ta ɗan jima, a mayar mata da 'yarta. Wannan ba garke ba ne."

A hanya Malam ya ce zai yi wa Iya magana. Ya yi. Iya ta ce sai ranar da ta ga tabon ya ɓace da idonta.

Tunkiyar ta warke, ta shiga garke, har ta haihu. Ni ina nan.

Ƙwayar 'yar ƙarama ce, fara, ba a biyan ko kwabo. Wahalar ita ce zuwa karɓa. Da damina Malam yana gona, da ƙafa nake tafiya, in zauna a layi da mutanen da ba su da yatsu, ina ƙirga nawa a ƙarƙashin zane. In Malam ya kawo min tuwo, yakan zauna nesa kaɗan ya ba ni labarin farashin tumaki. Bai sake ni ba, kuma an zuga shi. Wannan na riƙe masa.

Shekaru na yi ina sha. Tabon ya dushe, yatsa ɗaya ya tsaya a lanƙwashe, shi ke nan.

Aka kawo yarinyar tana gudu da ƙafarta. Na miƙa hannu. Ta ɓuya bayan Hajara ta ce, "Inna, wace ce wannan?"

Ban sake miƙawa ba. Ta dawo gidan, amma ban goya ta ba, ban ci kwano ɗaya da ita ba, ban kira sunanta ba. Mutane suka ce kunyar 'yar fari ce, har ana yabona. Na bar su a haka. Ita kuma ta girma tana cewa ba na son ta. Tsoro ne. An ce na warke, hannuna bai yarda ba.

Na gode wa Allah. Na gode wa Hajara, ta riƙe min amana, Allah ya kai haske kabarinta.

Ku kuma, in kun sayo dabba ku ɗaure ta daban, dokar Malam tana da kyau. Amma in mutum ne ya ga farin tabo da ba ya jin taɓi, ya tafi asibiti, kada ya tsaya shafa toka. An ce min yanzu maganin na watanni ne. Kuma kada ku raba uwa da ɗanta sai likita ya ce.

Ga ta nan ta ajiye wayar tana kuka, ita da ke da jikoki. Ɗauki ki ƙarasa, Rakiya.

Rubuta sunan yadda na faɗa. Rakiya.