Yadda Kaka ya karɓi sunan Narjis

An kayar da ragon suna ke nan Kakanmu ya ɗaga hannu: ba za a raɗa wa 'yar yayana Narjis ba sai ya ji asalin sunan. Aka turo ni, wai na gama jami'a.

Yaya na ta ƙifta mini ido in ce Larabci ne. Na ce, "Kaka, sunan fure ne, mawaƙan Larabawa kan kwatanta ido da shi. Amma asalinsa Girkanci ne."

Kaka ya ce, "Ashe matafiyi ne. Mu da kakanninmu sunka tako daga Sakkwato har Sinnar ta ƙasar Sudan, mu ka korar baƙo? Ku yanka!"

Kakana ke nan! Naku sunan fa, daga ina ya taso?