Shayin Sahabi Ya Koma Leda

Bana shekara bakwai ke nan da muka kai Yaya Sahabi makwancinsa a Talata Mafara. Ni ƙanensa ne, ciki ɗaya, kuma da so samu ne, addu'a zan yi masa in ja bakina. Abin da ya hana ni shiru shi ne sunansa, wanda wasu 'yan iska suka ɗauka suka tsoma a kwata.

Mai shayi ne a bakin tasha. Tebur ɗaya, benci biyu, sai wata buta da hayaƙi ya mayar baƙa ƙirin. Amma direbobin Bakura da na Maradun ba sa lodi sai sun zauna a bencin nan. Shayinsa ja wur ne, da citta da kanumfari da masoro. In ka nemi madara sai ya dube ka da tausayi ya ce, "Tahi gida a dama maka koko." Ko taba bai yarda a kunna masa a wurin ba. Har aka wayi gari in an ce shayin Sahabi, ana nufin abu mai kyau wanda ba algus.

Bayan rasuwarsa ne wani shirin ƙasar waje mai dogon zango, wanda aka fassara da Hausa, ya cinye garin. Gidan kallo shi ne, wayoyin yara shi ne. Tauraronsa wani attajiri ne da ban taɓa ganin ya yi aikin fari ko na baƙi ba, sai tsayawa a taga yana juya giyar wiski a guntun kofin gilas. Mai fassara kuwa, ko kunya ko tsoro, sai ya sa masa a baki: "Zuba mani shayi." Wa aka ruɗa? Wane shayi ne ake sha mutum ya tashi yana tangaɗi?

Samarinmu suka ɗauka. Yaron da ko akuya bai ajiye ba, sai ka gan shi ƙofar shagon caji, ya riƙe kofi da yatsu uku, yana juya shi yana kallon nesa, kamar dam ɗin Bakolori gadon ubansa ne. Da farko shayin gaske suke juyawa, muna yi musu dariya. Daga baya na ainihin ya shigo, a 'yan ƙananan ledoji, a ɓoye ƙarƙashin kwalayen taliya. Giya dai haramun ce, kuma doka ta hana ta a jiharmu, don haka dole a nema mata sunan ɓoye. Shirin ya riga ya ba su rabin sunan. Wani mara mutunci ya dubi launinta, ya tuna shayin yayana, ya cika musu ragowar.

Ni ne na ƙarshen sani. Wata ranar kasuwa na hau kabu-kabu zan je Faru gaisuwa. Muna tafe yaron da ke tuƙa babur ɗin ya ce mini sanyin safiyar nan sai shayin Sahabi. Raina ya yi fari, na ce masa ai yayana ne.

Ya yi dariya har babur ya yi layi. "Ashe ku ad da kayan, Baba! To a riƙa rage muna tsada." Ya zaro leda daga aljihu ya nuna mini. Na ce ya tsaya. Na sauka, na ƙarasa da ƙafa, ina tafe ina jin kamar ranar aka yi rasuwar.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga wannan zamani. Ina jin ba zai yi wa'azi ba, ba halinsa ba ne. Kallon nan da yake yi wa mai neman madara zai yi musu, don ko a lalacewar ma ba su da ta kansu, sai da wani baƙo a talabijin ya koya musu yadda ake riƙe kofi. Na raina su, na raina masu sayar musu, amma wanda na fi rainawa shi ne wanda ya san Sahabi, ya sha shayinsa, kuma ya iya buɗe baki ya kira wannan ƙazanta da sunansa.

Matarsa, Yaya Hajo, ba ta fita, ba ta sani ba. Ran sallah da na je gaishe ta, cewa ta yi, "Ka jiya, Mamman? An ce har Jangebe yara na ambaton shayin yayanka. Allah bai bari anka mance da shi ba." Na ce amin, idona a kan tabarma.

Ɗansa Bashiru ne ke riƙe da teburin yanzu. Butar tana nan, citta da masoron suna nan, ɗanɗanon bai canza ba, kuma ba a kunna taba. Sai dai baƙin fuska sun dame shi, su zo su kashe masa ido su yi ƙasa da murya. Bara ya sayo fenti, da hannunsa ya shafe sunan ubansa daga jikin teburin.

Allah ya ji ƙan Yaya Sahabi. Duk sanda na shiga Mafara ina zama a bencinsa. Sai dai ni da na yi shekara hamsin ina kiran sunansa, yanzu in zan sha, cewa nake, "Bashiru, zuba mani shayin babanka."